TSAKANIN KANO DA JIDDA: LOKACI NE YA RAGU, NISAN YANA NAN

Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar a wurin bitar maniyyata aikin Hajji da Umara a Dogarawa, Sabon Garin Zariya. Mun kawo shi ne domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Wanda Ya hore wa bayinSa tudu da ruwa da iska. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Malaman da suka gabace ni sun yi muku bayanin ɗawafi da sa'ayi da tsayuwar Arfa da jifa, Allah Ya saka musu da alheri. Ni abin da aka ɗora mini shi ne maganar hanya: nawa ne nisan da ke tsakaninmu da Jidda, awa nawa jirgin sama yake yi kafin ya ci wannan nisa, kuma mene ne wannan lissafi yake jawowa ga sallarmu da haramarmu. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina ruwan majalisin ilimi da ƙidayar kilomita? To, dalilin shi ne, ana samun bayin Allah da suka tara kuɗi shekara da shekaru, suka sayar da gona ko shanu, sa'an nan su wuce miƙati da hula a kai, ko rana ta fito musu a sararin sama ba su yi Asuba ba, suna tsammanin dare ne. Ba raina addini ya sa su haka ba. Ba a zaunar da su an yi musu lissafin ba ne.

Mutanen wannan unguwa ba baƙin jirgin sama ba ne. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ga ta nan kusa da mu a hanyar Samaru, kuma ƙananan jiragen ɗalibanta suna shawagi a kan rufin gidajenmu tun muna yara. Amma kallon jirgi daga ƙasa daban, zama a cikinsa lokacin salla ya shiga daban.

NISAN DA AWOYIN

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka ja zare a miƙe a kan ƙwallon taswirar duniya, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Zuwa Madina kuwa kimanin 3,550. Maniyyatan Jihar Kaduna, waɗanda aka saba ɗiba daga filin jirgin Kaduna, sai su ƙara kusan kilomita 200 a kan wannan. Don abin ya zauna a zuciya, daga nan Kwangila zuwa birnin Kano kimanin kilomita 150 ne. Ke nan tafiyar Jidda kamar mutum ya je Kano ya dawo sau 11 ce, har da ɗoriya.

Na ce a ja zare a kan ƙwallo, ban ce a ɗora abin ja layi a kan takarda ba, domin ƙasa a dunƙule take, kuma hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu masu nisa tana bin wannan dunƙulewar. Wannan zaren, da ɗan bambanci kaɗan, shi ne layin alƙiblarmu. Daga Zariya alƙibla ba gabas sak take ba, ta karkata wajen arewa da kimanin digiri 23. Wanda ke zaune a jirgin da ya miƙe zuwa Jidda, galibi fuskarsa tana kallon wajen Ka'aba ko bai nufa ba.

Babban jirgin fasinja, idan ya gama hawa ya daidaita a tsayin kilomita 10 ko 11 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. In aka raba 3,400 da wannan gudu, za a sami kusan awa 4. Amma jirgi ba ya fara wannan gudu daga tashinsa, kuma yana rage shi tun da nisa kafin sauka. Haka nan ba ya bin zaren nan daidai, yana bin hanyoyin da hukumomin sama suka shata. Ga kuma iska: a wannan yanki namu iskar can sama tana kaɗowa daga gabas da damina, sai ta rage wa mai zuwa Jidda gudu ta ƙara wa mai dawowa, da hunturu kuwa ta juya. Idan aka haɗa duka, tafiyar tana ɗaukar awa 4 da rabi zuwa 5, matuƙar jirgin ya bi hanyar da aka saba, wato ta kan Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya.

Ku riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, domin za mu dawo gare shi. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta. A aikin Hajjin wannan shekarar, da aka ba Nijeriya kujeru 95,000, sai da jiragen alhazai suka riƙa kewayawa ta wasu ƙasashe, tafiyar ta ƙaru da kamar awa 2, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Kano ba ta gusa ba, Jidda ba ta gusa ba, amma awoyin sun sauya, kuma kusurwar da jirgi ke shiga ƙasa mai tsarki ta cikinta ita ma ta sauya.

YADDA MAGABATA SUKA CI WANNAN NISA

Ayarin fatake da jakuna ko raƙuma yakan yi kilomita 25 zuwa 30 daga zango zuwa zango. A wannan ma'auni Zariya zuwa Kano kwana 5 ne ko 6. Da a ce mutum zai miƙe kan zaren nan da ƙafa, ba hutu ba ciwo ba damina, sai ya yi fiye da wata 4 kafin ya ga ruwan Maliya. Amma ba wanda ya taɓa yin ta haka. Talakan ƙasar Hausa yakan fita ne da iyalinsa da ɗan abin sana'arsa, ya bi ta Barno, ya tsallaka Kusuri zuwa garin da yau ake kira Injamena, ya wuce Abeshe ta ƙasar Wadai, ya shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ya kai Al-Ubayyid, daga nan Hartum, daga nan Sawakin a bakin teku, inda zai nemi jirgin ruwan da zai tsallakar da shi Jidda. Guzuri yakan ƙare tun ba a yi nisa ba. Sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, a tara na gaba. Shi ya sa tafiyar takan ci shekaru. Yaron da aka goya daga Zazzau yakan shiga Makka da ƙafarsa yana jan akuya.

Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma sun kai ba su dawo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Maiwurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban masu niyyar Hajji daga ƙasashenmu suka zama 'yan ƙwadago a can, wasu suka haifi 'ya'ya da jikoki suna cewa har yanzu a hanya suke. Ku tuna kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙan su, duk da iliminsu da shauƙinsu, babu ɗayansu da Allah Ya nufa da ganin Ka'aba. Ba ƙaramin abu ba ne za a ɗora ku a kujera a ba ku abinci, ku iso kafin yini ya ƙare.

Raguwar lokacin a hankali ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Zariya ya kai Kano a 1911, shi ne ma ya haifar da Sabon Garin nan da muke ciki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta hanyar teku, ya bi ta Ikko da Ingila kafin ya kai Jidda, wato ya ƙara nisa don ya rage wahala. A 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar a ƙarshen Oktoba, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, kuma abin lura shi ne ta Hartum da Fashir da Maiduguri suka biyo, wato hanyar alhazai ce suka bi a juye. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano a kai a kai. A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira Wapa, suna kai mutane da manyan motoci har inda za su sami jirgin ƙasan Sudan, sai shekaru suka koma watanni. Cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara karɓe aikin, watanni suka koma awoyi.

Gajartar tafiya ba ta ɗauke wa kowa rubuta wasiyya da biyan bashi ba. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya karɓi Hajjinsu Ya gafarta musu.

SALLA TANA BIN RANA, BA TA BIN AGOGO

To, jama'a, ga inda maganar take. Shari'a ba ta rataya hukunce-hukuncen matafiyi a kan awoyin da ya yi a hanya ba. Ƙasaru an rataya ta a kan tafiya, salla an rataya ta a kan rana, harama an rataya ta a kan wuri. Jirgi ya taƙaita awoyi, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba.

Maganar ƙasaru mai sauƙi ce. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Abbas yana yin ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Usfan, ko Makka zuwa Jidda, ya kuma ƙiyasta wannan da baridi 4, wato mil 48, abin da malaman zamani suke lissafawa tsakanin kilomita 80 da 90. Tafiyar yini biyu ce ta raƙumi, jirgi kuwa yana cin ta a minti 6. Wasu malamai, kamar Ibnu Taimiyya, ba su iyakance da adadi ba, suka ce duk abin da mutane ke kira tafiya, tafiya ce. Ko da wace magana ka ɗauka, wanda ya fita daga Dogarawa da jakarsa yana nufin Jidda matafiyi ne da zarar ya bar gine-ginen Zariya, kuma sanyin na'urar jirgi da taushin kujera ba su hana shi rangwamen da Allah Ya yi masa. Idan an tsare ku a sansanin alhazai na Mando ana ce muku yau ko gobe, ba ku ƙudurta zaman kwana 4 ba, kuna nan a kan ƙasarunku, sai fa in kun bi liman mazaunin gari, sai ku cika tare da shi.

Inda ake faɗawa rami shi ne lokaci. Ƙasa tana juyawa digiri ɗaya a kowane minti 4. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗoriya, saboda haka rana tana riga fito musu da kimanin awa 2, kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2 daidai. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, sai yininsa ya gajarta, darensa ma ya gajarta.

Bari mu ɗauki misali a watan Mayu. Jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 12 na rana. A lokacin zawali bai yi ba, sai bayan kamar minti 20, saboda haka ba halin a yi Azahar a ƙasa. Ya yi awa 4 da rabi. Agogon hannunka yana cewa ƙarfe 4 da rabi, kana ganin da sauran yini. Amma a Jidda ƙarfe 6 da rabi ne, kuma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7. Kafin a buɗe ƙofa, a sauko da mutum 400 ko 500, a shiga mota, a tsaya layin jami'an shige da fice, Magariba ta yi. Azahar da La'asar sun tafi gaba ɗaya, alhali kana zaune ba abin da kake yi sai kallon gajimare.

Na dare ya fi wannan saurin kama mutum. Jirgi ya tashi ƙarfe 12 na dare, ya sauka 6 da rabi na safe a agogon Jidda. A wannan wata rana tana fitowa a can tun kafin ƙarfe 6. Ke nan alfijir ya keto, gari ya waye, rana ta fito, duk kana sama, agogonka kuwa bai kai ƙarfe 4 ba. Ita Asuba ba a haɗa ta da wata salla, kuma ba ta da wani lokaci bayan fitowar rana. Wanda ya dogara da agogon Nijeriya ya kwanta barci ya ce sai 5 ta yi, ya rasa ta.

Abin yi shi ne, idan lokacin Azahar ko Magariba ya shiga kafin a kira ku shiga jirgi, ku haɗa salla biyu a ƙasa, ku jawo La'asar zuwa Azahar ko Isha'i zuwa Magariba, ku hau da zuciya sake. Idan kun tabbata za ku sauka da sauran lokacin ta biyu mai yalwa, ku jinkirta ku haɗa a can. Idan kuwa lokacin zai fita kuna sama, to a sama za a yi ta. Wanda ya sami wurin tsayuwa ya fuskanci alƙibla ba tare da ya tare hanya ko ya saɓa wa ma'aikatan jirgi ba, ya tsaya. Wanda bai samu ba ya yi a zaune a kujerarsa, ya yi nuni, sujadarsa ta fi ruku'unsa sunkuyawa. Allah bai kallafa wa rai abin da ba ta iyawa ba, amma bai yarda a fitar da salla daga lokacinta don jiran tabarma ba. Ku hau da alwala, ku rage shan shayi a filin jirgi, domin bayan gida 'yan kaɗan ne, jama'a kuwa da yawa. Kuma ku ɗaga labulen taga ku duba. Farin alfijir daga sama a bayyane yake, ya fi yadda muke ganinsa a nan cikin hazo.

Masu zuwa Umara da azumi su ma su kula. Matafiyi yana da izinin ajiye azumi ya rama. Wanda ya zaɓi ya riƙe, ba ya buɗe baki da agogon garin da ya baro, ko na garin da ke ƙarƙashinsa, sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake. A tsayin kilomita 11 mutum yana ci gaba da ganin rana fiye da minti 10 bayan ta ɓace wa na ƙasa. A dawowa kuma abin juyewa yake yi: jirgin da ya baro Jidda ƙarfe 12 na rana yakan sauka Kano wajen ƙarfe 3, yinin ya ƙaru da awa 2.

MIƘATI A CIKIN GUDUN JIRGI

Hadisin Ibnu Abbas da Buhari da Muslimu suka ruwaito ya nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya wa mutanen Madina Zul-Hulaifa, mutanen Sham Juhfa, mutanen Najadu Ƙarnul Manazil, mutanen Yaman Yalamlam, kuma hukuncin ya haɗa da duk wanda ya biyo ta waɗannan wurare da nufin Hajji ko Umara ko da ba ɗan can ba ne. A zamanin Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, mutanen Kufa da Basra suka kawo kuka cewa Ƙarnu ta kauce wa hanyarsu, sai ya umarce su da su dubi abin da ke daura da ita a kan tasu hanyar, aka tsayar musu da Zatu Irƙin. Daga nan malamai suka ɗauki ƙa'idar cewa wanda bai bi ta kan miƙati ba yana ɗaukar harama idan ya zo saitinsa. Mai jirgin ruwa da mai jirgin sama duk a ƙarƙashin wannan ƙa'ida suke.

Wanda jirginsa zai sauka Madina, ko zai sauka Jidda amma Madina zai fara zuwa, ba ruwansa da harama a jirgi. Miƙatinsa Zul-Hulaifa ne, wurin da ake kira Abyar Ali a bakin Madina, fiye da kilomita 400 daga Makka, kuma a mota zai je shi, a tsaya, ya yi wanka a natse. Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta yi ƙoƙari wajen sauke mafi yawan maniyyata a Madina, wannan kuwa ya rage matsalar ƙwarai. Amma bai kawar da ita ba. Akwai jiragen ƙarshe da ke isa dab da Arfa a wuce da mutane Makka kai tsaye. Akwai masu jirgin yawo. Akwai masu Umara duk tsawon shekara, waɗanda akasarinsu ke yada zango a wata ƙasa. Wanda ya biyo ta Alƙahira daga arewa zai shigo, saitin Juhfa zai tarar, kusa da garin Rabig. Wanda ya biyo ta Adis Ababa daga kudu zai shigo, Yalamlam ce tasa. Wanda ya biyo ta Dubai ko Doha daga gabas zai shigo, ya bi ta Ƙarnul Manazil, wadda yau ake kira Sailul Kabir.

Sai tambayar da ba a taɓa yin bita ba a yi ta ba: shin ba a iya bari sai an sauka Jidda? Malamai sun yi saɓani, kuma amana ce in faɗa muku yadda saɓanin yake. Shaihu Abdullahi ɗan Zaid Al-Mahmud, wanda ya shugabanci kotunan shari'a na Ƙatar, ya yi fatawa cewa masu jirgin sama suna iya ɗaukar harama a Jidda. Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz da mafi yawan malamai ba su karɓi wannan ba, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa miƙatan da Sunna ta ambata su ne abin lura ga mai tudu da mai ruwa da mai sama. Sai dai akwai togaciya wadda ta shafe mu. Littattafan Shafi'iyya da Hambaliyya na da sun ambaci mutumin da ya taso daga Sawakin ya tsallako teku ya nufi Jidda sak, suka ce wannan yana isa Jidda kafin ya zo saitin wani miƙati, saboda haka a Jidda zai yi harama. Shaihu Muhammadu ɗan Usaimin ma ya tafi a kan haka. Kakanninmu da suka bi ta Sawakin a Jidda suka ɗauki tasu haramar, kuma daidai suka yi.

Wasu malamanmu sun ƙiyasta jirgin da ya taso daga Kano ya ratsa Sudan a kan wannan, kuma maganarsu tana da fuska. Amma ni abin da nake gani, hujjar tana tsayawa ne muddin jirgin ya shigo ta yamma sak. Kai da ke kujera ta 40 ba ka san ta inda matuƙi ya bi ba. Abin da ya faru a 2023 ya ishe mu darasi: jirgin da ya kewaye Sudan ta kudu ya hauro Bahar Maliya, saitin Yalamlam zai fara tararwa, wanda ya kewaye ta arewa kuma saitin Juhfa. Ko a shekarar lafiya, masu kula da zirga-zirgar sama suna iya karkatar da jirgi ya shigo ta wata kusurwa saboda cunkoso ko hadari. Fatawar da aka gina a kan hanya tana sauyawa idan hanyar ta sauya, kuma wanda ya ce malaminsa ya yi haka a 1985 sai a tambaye shi ta ina jirgin malamin ya bi.

Yanzu ku dubi gudun. Kilomita 870 a awa, kusan kilomita 15 ke nan a minti ɗaya. Minti 10 da za ka yi a layin bayan gida kana jiran ka tuɓe riga, jirgi ya ci nisan Zariya zuwa Kano. Saitin Juhfa kuwa bai fi kamar sulusin awa kafin sauka Jidda ba, daidai lokacin da aka kunna alamar ɗaura ɗamara aka hana kowa tashi. Mai raƙumi yana kwana a miƙati, ya yi wanka, ya yi nafila, ya jira abokan tafiya. Kai ƙiftawar ido gare ka. Wasu kamfanoni suna sanarwa kafin a kai, wasu ba sa yi, wani lokaci kuma a yi sanarwar da Larabci ko Turanci ta wuce tsoho bai ji ba.

Saboda haka wanda Makka zai wuce kai tsaye ya yi wankansa da yanke farcensa tun a gida ko a sansani, ya ɗaura gyauton haraminsa tun a filin jirgi, in yana jin sanyi ko kunya ya ɗora riga a sama, mayafin kuma ya riƙe shi a hannu. Kada a kuskura a sa harami cikin babbar jakar da za a auna a kai cikin jirgi, domin ba za ka sake ganin ta ba sai Jidda. Ɗaura zane ba shi ne harama ba, niyya da talbiyya su ne harama, kuma kafin su babu abin da ya haramta gare ka. Idan an yi sanarwa, ka cire riga da hula da duk wani ɗinkakken tufa, ka yi niyya. Idan ba ka amince za a yi sanarwa ba, ka yi niyyar tun saura kamar minti 45 a sauka. Yin harama kafin miƙati ya inganta wurin malamai, duk da Imamu Malik ya karhanta shi ga wanda ba shi da dalili, kai kuwa kana da dalili. Wuce miƙati ba harama shi ne mai tsada: ko dai ka koma miƙatin kafin ka yi niyya, ko kuma yanka ya hau kanka a wurin mafi yawan malamai, a ƙasar da kuɗin rago zai taɓa guzurinka sosai.

Iyayena mata, ku tufafinku na yau da kullum su ne haraminku, ba wani launi da aka wajabta. Kuma wadda al'ada ta zo mata a hanya kada ta ce ba za ta yi niyya ba sai ta yi tsarki. Asma'u 'yar Umais ta haihu a Zul-Hulaifa a Hajjin ban kwana, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce ta da ta yi wanka ta ɗauki harama, kamar yadda Muslimu ya ruwaito. Ɗawafi ne kawai za ta jinkirta. Jirgi ba zai tsaya mata a miƙati ba, kuma ba zai dawo da ita ba.

Kafin ku bar sansani, kowa ya sami jagoran tawagarsa ya tambaye shi: ƙarfe nawa za mu tashi, a ina za mu sauka, daga can kuma ina za mu fara nufa, Makka ko Madina? Wanda ya iya lissafi ya ƙara awoyin tafiya a kan lokacin tashi, ya ƙara awa 2 na bambancin agogo, ya gaya wa tsofaffin da ke kusa da kujerarsa wace salla ce za ta same su a sama, ya kuma tashe su idan ya ga alfijir ta taga.

An ce a bar lokaci domin tambayoyi, kuma na ga takardu sun fara zuwa daga ɓangaren mata.